Filin Tambaya da Amsa: Harvey Kurtzman da Mujallar da Ta Kuɓuce Masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon zane a Zariya. A wani darasi kan labaran zane, wato waɗanda ake bayarwa cikin jerin hotuna tare da maganar mutanen ciki, malaminmu ya ambaci wani Ba'amurke mai suna Harvey Kurtzman, ya ce ya fi yin suna a matsayin edita duk da cewa hannunsa na zane ba na wasa ba ne. Ina roƙon a bayyana mini ko wane ne shi, da kuma abin da edita yake yi a sana'ar da nake ganin mai zane shi ne wuƙa shi ne nama.

AMSA: Wa alaikumus salam. An haifi Harvey Kurtzman ranar 3 ga Oktoba, 1924, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, kuma iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga birnin Odessa da ke ƙasar Ukraine a yau. Mahaifinsa ya mutu yana ɗan shekara huɗu, har talauci ya sa mahaifiyarsa ta ajiye shi da wansa a gidan marayu na ƴan watanni kafin ta samu abin yi ta ɗauko su. Tun yana ƙarami yake zana labarai da alli a kan daɓen titi, yaran unguwa suna taruwa suna kallo. Daga baya ya shiga wata makarantar sakandare ta kiɗa da zane a New York, inda ya haɗu da Will Elder da Al Jaffee da John Severin, waɗanda duk suka zama abokan aikinsa bayan shekaru. An ɗauke shi soja a 1943, amma ba a tura shi bakin daga ba, aikinsa shi ne zana littattafan koyarwa da hotunan sanarwa na rundunar. Bayan yaƙi ya yi shekara uku yana zana wani barkwanci mai shafi ɗaya wa kamfanin Timely, wanda shi ne ya zama Marvel daga baya, kuma a can ya haɗu da matarsa Adele, wadda take aikin gyaran rubutu.

Amsar ɓangare na biyu na tambayarka tana cikin abin da ya yi a EC, kamfanin buga labaran zane na Bill Gaines, inda aka ba shi ragamar mujallu biyu na labaran yaƙi, Two-Fisted Tales a 1950 da Frontline Combat a 1951, daidai lokacin da Amurka take cikin yaƙin Koriya. Sauran mujallun yaƙi na zamanin suna nuna sojan Amurka yana murmushi yana karkashe abokan gaba kamar ƙudaje, su kuwa abokan gaban ana zana su da fuskar dodanni. Kurtzman ya ƙi wannan hanyar. A labaransa soja yana jin tsoro, yana jin yunwa da sanyi, yana mutuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wanda yake ɗaya gefen shi ma mutum ne mai iyali. Akwai wani gajeren labari da ya zana da hannunsa a kan kogin Imjin na Koriya, inda soja yake zaune a bakin ruwa yana kallon gawa tana wucewa yana tunanin yadda mai ita ya mutu, sai ga abokin gaba ya faɗo masa, suka kama kokawa hannu da hannu har ya nutsar da shi, gawa ta biyu ta bi ruwa. Babu kirari a ciki, babu tafi.

Yadda yake aiki shi ne darasin da ya fi dacewa da ɗalibi irinka. Kafin ya rubuta labari sai ya tafi ɗakin karatu, ya yi hira da sojojin da suka dawo, ya tabbatar da siffar bindiga da maɓallin riga da launin tuta. Sa'an nan ya yanka labarin gida-gida, ya zana kowane gida a kan takarda mai shara-shara, ya nuna inda kowane mutum zai tsaya, da inda ido zai fara sauka, da inda za a yi shiru ba magana. Wannan ne yake miƙa wa masu zane irin su Jack Davis da Wally Wood da Severin, kuma ba ya yarda a kauce wa tsarinsa. Wasu daga cikinsu sun ji haushin hakan, don gwani ba ya son a riƙe masa hannu, amma sakamakon shi ne shafuka masu tafiya kamar kiɗa, ana hanzari inda ya kamata, ana jan numfashi inda ya kamata. Wannan shi ne edita a wurinsa: wanda yake ganin labarin gaba ɗaya tun kafin a ɗiga tawada.

Sai dai wannan tsantseni yana cin lokaci, kuma ana biyan edita ne gwargwadon yawan abin da ya fitar. Abokin aikinsa Al Feldstein yana fitar da mujallu da yawa na ban tsoro da na ƙagaggen kimiyya, shi kuwa biyu kacal, don haka aljihunsu ba ɗaya ba. Da ya yi ƙorafi, sai aka ba shi shawarar ya ƙara ta uku, ta barkwanci, wadda ba ta buƙatar zuwa ɗakin karatu. Daga nan aka samu Mad.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Katsina. Na ga ana yabon mujallar Mad kamar wani babban aikin adabi, alhali abin da na fahimta shi ne zolaya ce kawai da shashanci. Me ya ba ta wannan daraja?

AMSA: Malama, barka kadai. Mafi sauƙin hanyar fahimtar abin shi ne a tuna da ƴan kama na ƙasar Hausa, waɗanda suke ɗauko waƙar da kowa ya sani, ko salon wani mai wa'azi, su riƙe karin da muryar daidai, amma su mayar da zancen kan tuwo da miya. Dariyar tana fitowa ne daga kusancin kwaikwayon da asalin, kuma wanda ya taɓa jin ɗan kama ya yi wa wata waƙa haka, ba zai sake jin waƙar da kunnen da ba. Abin da Kurtzman ya yi wa al'adun Amurka ke nan a kan takarda, tun daga fitowa ta farko a ƙarshen 1952, kuma kusan duk abin da yake cikin fitowa 23 na farko shi ya rubuta.

Fitowar farko-farko ba su yi kasuwa ba, domin a lokacin yana zolayar nau'o'in labarai ne a dunƙule. A fitowa ta huɗu, cikin 1953, ya nufi abu guda da kowane yaro ya sani, wato jarumin nan Superman, ya mayar da shi Superduperman, Wally Wood ya zana. A labarin, jarumin da yake iya ɗaga dutse ya zama wani sakarai mai bin mace tana wulaƙanta shi, kuma ko da ta gano cewa shi ne mai ƙarfin nan, ra'ayinta a kansa bai canza ba. An kuma sa shi dambe da kwaikwayon wani jarumin na wani kamfani, a daidai lokacin da kamfanonin biyu na gaske suke shari'a a kotu kan wa ya kwaikwayi wa. Masu Superman sun yi barazanar kai ƙara, amma kasuwa ta buɗe, har wasu kamfanoni suka yi ta fito da nasu mujallun zolayar, shi kansa EC ya fitar da wata mai suna Panic a ƙarƙashin Feldstein, abin da bai yi wa Kurtzman daɗi ba.

Daga jarumai ya wuce zuwa fina-finai, da shirye-shiryen talabijin, da tallace-tallace, har da Sanata Joseph McCarthy, wanda a lokacin yake farautar mutane da sunan yaƙi da kwaminisanci. A ganina a nan darajar take. Yaron da ya tashi a Amurka ta shekarun 1950 yana kewaye da masu faɗa masa abin da zai saya da abin da zai yarda da shi, sai ga wata ƙaramar mujalla ta sent 10 tana nuna masa ɗinkin da yake bayan rigar, tana koya masa ya tambayi wane ne yake magana da kuma me yake son sayarwa. Hanyar da ya bi a labaran yaƙi ita ce ya bi a nan, wato ƙin ƙarya, sai dai a can da jini, a nan da dariya. Ba zan ce duk abin da yake ciki zai yi wa mai karatu na yau daɗi ba, domin yawancin abubuwan da ake zolaya sun shuɗe, kuma barkwanci ya fi komai saurin tsufa. Amma shafukan Will Elder, wanda yake cika kowane lungu na hoto da ƙananan abubuwan dariya da ba su shafi labarin ba, har yanzu suna riƙe ido.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kano, kuma abin da ya dame ni a labarin mutumin nan shi ne kuɗi. Na ji cewa shi ya ƙirƙiro mujallar amma ya bar ta tun kafin ta yi arziki, wasu suka ci moriyar. Shin cutarsa aka yi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ko shi ne ya yi wauta?

AMSA: Alhaji, wannan ita ce tambayar da masana tarihin sana'ar suka fi daɗewa suna gardama a kanta, kuma sai an dawo baya kaɗan kafin a yanke hukunci. A 1954 guguwa ta taso wa labaran zane a Amurka. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya yi ta yaɗa cewa su ne suke lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun a watan Afrilu, kuma Gaines da kansa ya je ya ba da shaida, inda ya yi ƙoƙarin kare wani bangon mujalla mai hoton yankakken kai, abin da ya ƙara dagula masa lissafi. Kamfanoni suka kafa wata hukumar tace kansu, wadda duk mujallar zanen da ba ta da tambarinta dillalai ba sa karɓa. Wannan ya kashe mujallun ban tsoro da EC yake ci da su.

A watan Yuli na 1955, da fitowa ta 24, Mad ta tashi daga ƙaramin littafin zane ta koma cikakkiyar mujalla mai manyan shafuka, farashinta ya tashi daga sent 10 zuwa sent 25. Mutane da yawa suna ɗauka an yi haka ne don a guje wa hukumar tacewa, kuma gaskiya ne sauyin ya fitar da ita daga ƙarƙashin hukumar. Amma Gaines ya sha faɗa cewa ya yi ne don kada Kurtzman ya tafi, domin wata mujalla mai suna Pageant ta yi masa tayin aiki, shi kuma ya daɗe yana burin ya shirya mujalla irin ta manya. A nan za ka ga cewa mai kamfanin ya san darajar editansa.

Matsalar ita ce halin da ya sa aikin ya yi kyau shi ne ya sa ya yi tsada. Kurtzman yana so a biya masu zane da yawa, yana sake aikin da bai gamsar da shi ba, kuma ba ya cika wa'adin kai aiki maɗaba'a, har mujallar ta riƙa makara. A daidai wannan lokacin kamfanin da yake rarraba wa EC kaya ya karye, ya bar shi da bashi mai nauyi, sai da iyalin Gaines suka zuba kuɗinsu na kansu kafin a ci gaba. Ana cikin haka Hugh Hefner, mai mujallar Playboy ta hotunan tsiraici, ya nuna wa Kurtzman cewa ƙofarsa a buɗe take. Da wannan ƙarfin gwiwa, a 1956, Kurtzman ya nemi a ba shi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin mujallar. Gaines ya yi masa tayin kashi 10, ya ƙi, suka rabu. Fitowa ta 28 ita ce ta ƙarshe a hannunsa, kuma ya tafi da yawancin gwanayen zanensa.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da kashi 51 yake nufi: ba rabon riba yake nema ba, makullin shago yake nema, daga hannun mutumin da bai daɗe da fansar shagon da kuɗin gidansu ba. Da wuya a samu mai dukiyar da zai yarda da haka. A ɗaya ɓangaren kuma, ba a iya musun cewa tsarin sana'ar a wancan zamani ya zalunci masu ƙirƙira, domin duk abin da mutum ya zana mallakar kamfani ne, ladansa kuɗin shafi kawai, ko da an sake buga aikin sau nawa. Har fuskar wani yaro mai giɓi da ta zama tambarin Mad, Kurtzman ne ya tsinto ta a jikin wani tsohon kati ya fara sa ta a mujallar. Hukuncina shi ne yana da gaskiya da ya nemi rabo, amma ya yi kuskure a adadin da ya nema, kuma abin da yake so a zuciyarsa iko ne a kan aikin, kuɗi na biye ne.

Akwai kuma wata gaskiya da masoyansa ba su cika son ji ba. Feldstein, wanda ya gaje shi, ya riƙe mujallar kusan shekara 29, ya fitar da ita a kan lokaci, ya tara sababbin marubuta da masu zane, kuma a hannunsa ne ta kai ga sayar da fiye da kwafi miliyan 2 a kowace fitowa a 1974. Babu tabbacin cewa da Kurtzman ya zauna za ta kai haka, domin wanda ya iya haƙa rijiya ba lallai ne ya iya zaman sayar da ruwa kullum ba.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa daga Yamai. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun tashi da littattafan zane na Asterix. Wani abokina ya ce marubucinsu ya taɓa aiki da wannan Kurtzman. Gaskiya ne? Kuma me ya yi bayan ya bar Mad?

AMSA: Abokinka ya yi gaskiya. René Goscinny, wanda aka haifa a Faris a 1926 ya kuma girma a Ajantina, ya zauna a New York a ƙarshen shekarun 1940 yana fama da rashin aiki, kuma a lokacin ya saba da ɗakin zanen da Kurtzman da Elder suka buɗe da wani abokinsu, har suka yi littattafan yara tare. Bayan ya koma Turai ne, a 1959, ya kasance cikin waɗanda suka kafa mujallar Pilote, inda shi da Albert Uderzo suka fara Asterix, daga baya ya zama babban editanta.

Shi kuwa Kurtzman, shekarun da suka biyo baya jerin yunƙuri ne masu kyau da gajeren kwana. Mujallar da Hefner ya ba shi kuɗi ya yi, mai suna Trump (sunan ba shi da alaƙa da Donald Trump), ta fito a 1957 da takarda mai sheƙi da launuka, amma sau biyu kawai aka buga ta Hefner ya shiga matsin kuɗi ya rufe ta. Daga nan shi da Elder da Davis da Jaffee da Arnold Roth suka haɗu suka kafa Humbug, mallakar masu zanen da kansu, wanda abu ne da ba a saba gani ba a lokacin. Ta yi fitowa 11 ta mutu a 1958, waɗanda suka zuba jari suka yi asara. Ta uku, Help!, wadda ya yi da mawallafi James Warren daga 1960 zuwa 1965, ita ta fi daɗewa da fitowa 26, kuma da yake kuɗin biyan masu zane ya yi ƙaranci, sai ya koma ba da labari da hotunan kyamara ana liƙa musu magana.

A wannan mujalla mai ƙaramin jari ne idonsa na gane gwani ya fi bayyana. Mataimakiyarsa ta farko ita ce Gloria Steinem, wadda ta zama jagorar fafutukar mata a Amurka. Daga baya Terry Gilliam ya riƙe kujerar, kuma a wurin ɗaukar hotunan wani labari na mujallar ne ya fara haɗuwa da ɗan wasan Ingila John Cleese, haɗuwar da ta kai su ga zama cikin ƙungiyar barkwanci ta Monty Python. A nan kuma aka buga ayyukan farko-farko na Robert Crumb da Gilbert Shelton, waɗanda suka jagoranci labaran zane masu zaman kansu na ƙarshen shekarun 1960.

TAMBAYA: Malam, ni mai karatu ce daga Jos. Na ji an ce ƙarshen aikinsa a mujallar batsa ya yi shi. In haka ne, yaya za a daidaita wannan da yabon da ake yi masa?

AMSA: Haka ne, kuma babu amfanin ɓoyewa. Daga 1962 zuwa 1988 shi da Elder sun riƙa yi wa Playboy wani labarin zane mai suna Little Annie Fanny, wanda yake zolayar siyasa da yayin zamani amma an gina shi a kan tsiraicin jarumar. Ta fuskar fasaha aiki ne mai wahala, domin kowane gida fenti ake yi masa da hannu kamar hoton bango, kuma ya fi duk abin da ya taɓa yi kawo masa kuɗi, a lokacin da yake da iyali kuma mujallu uku sun mutu a hannunsa. Amma ko cikin masoyansa da yawa suna ganin an yi asarar basira a nan, ni ma ra'ayina ke nan. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya bar Mad saboda yana son cikakken iko ya ƙare yana aika zanen gwaji ga Hefner, ana dawo masa da shi cike da gyare-gyare, irin yadda shi ma ya riƙa yi wa Davis da Wood a da.

Ba wannan kaɗai ya yi a shekarun ba. Daga 1973 ya koyar da zanen barkwanci a wata kwalejin fasaha ta New York mai suna School of Visual Arts, kuma a tsakiyar shekarun 1980 shi da Gaines suka shirya, har ya koma yana ba Mad wasu ayyuka tare da Elder, wannan karon a matsayin mai kawo aiki daga waje. A 1988 aka kafa lambar yabo ta Harvey, wadda ƴan sana'ar suke bai wa gwanayensu da sunansa. Ya yi fama da cutar karkarwa ta Parkinson a ƙarshen rayuwarsa. Gaines ya mutu a watan Yuni na 1992, shi kuma Kurtzman ya bi shi bayan wata takwas, ranar 21 ga Fabrairu, 1993, a gidansa da ke Mount Vernon kusa da New York, sakamakon ciwon dajin hanta, yana da shekara 68.